Goruba a Kofin Wiski

Tun da na dawo daga Kwatano ban samu sukuni ba. In na shiga gidan suna a tare ni, in na je kasuwa a tare ni, har a bakin pampo sai wata ta aje bokiti ta matso ta rage murya: "Madan Zuwaira, wai da gaske kin shiga inda ake saida giya?" Na gaji da ba kowa guntu-guntu. Ga labarin duka, wadda ta ji ta gaya wa wadda ba ta ji ba.

Kun san tun da na aje alli a lakwal, na bar koyarwa, nake haɗa abin sha na biki a nan Tasawa: bisap, wato zoɓo, lemun citta, tsamiya, ruwan goruba. Ƙanena Laminu kuwa kuku ne a wani otel a Kwatano. Shi ya kira ni wata safiya.

"Yaya, na yi subul da baka, sai ke za ki fid da ni."

Ya ce matar da ke da otel ɗin tana da damuwa. In manyan 'yan kasuwa suka zauna shawara, rabinsu sukan nemi wani haɗin wiski da ake kawowa a gajeren kofin gilashi mai nauyi. Musulmin cikinsu kuwa sai a dangwara masu lemun kwalba da tsinke kamar yara. Tana son abin sha wanda babu ɗigon giya a ciki, amma mai mutunci, wanda dattijo zai riƙe ya yi ta kurɓa har a gama magana. An gwada iri-iri ba a dace ba. Shi kuma Laminu ya bugi ƙirji a gaban ma'aikata duka, ya ce yayarsa za ta iya. Ga wata babbar walima ta 'yan kasuwa ta ƙarato.

Na ce, "Laminu, ni ko kwalbar wiski ban taɓa gani kusa ba."

"Ai shi ya sa na ce ki taho ki gani."

Da na gaya wa maigida, Malam Isuhu, ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce, "Ki tahi. Sana'a ce, kuma fid da yaro kunya ne. Amma tukunyarki daban, cokalinki daban, kofunanki daban. Abin da ba ki sani ba kuma kada ya shiga bakinki."

Ranar kasuwar Mayahi na je neman kaya. Tun daga gida na yanke cewa goruba ce za ta zama uwar haɗin, don a hoton da Laminu ya turo mini launin wiski sak da ruwanta. Na tarar da wata tsohuwa daga wajen Gidan Amumune, Inna Ramu, zaune tsakanin buhuna. Na kai hannu kan manya masu haske, ta buge mini hannu.

"Wannan ta kallo ce, ɗiyata. Ɗauki ƙanana jajayen nan na bakin Gulbin Kaba." Ta buɗe baki ta nuna mini dasashi. "Kin ga haƙori ko ɗaya? Su suka cinye su. Ki yarda da ni."

Na yarda. Na haɗa da mazarƙwaila, kimba, kanumfari, citta, masoro da ɓawon maɗaci. Na kuma dafa ruwan goruba mai kauri na cika kwalba guda don in nuna samfur.

A Maraɗi na shiga kar, babbar motar fasinja. Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da Hajiya Barka, wata 'yar Ƙonni mai fataucin atamfa, wadda ta san hanyar nan kamar tsakar gidanta. Ita ta riƙa gaya mini inda ake sauka a yi alwala da inda ba a sayen nama. Kafin Doso sai muka ji ƙafafunmu suna manne wa ƙasa. Ashe na aje ledar mazarƙwaila daidai inda zafin inji ke hurowa, ta narke ta bi ƙarƙashin kujera har cikin takalmin Hajiya. Na rasa inda zan sa kaina. Ita kuwa ta ɗaga takalmin ta duba, ta ce, "Shekara da shekaru ina bin hanyar nan, ban taɓa jin daɗinta ba sai yau, shi ma a tafin ƙafa."

A Gaya gada a rufe take, sai ta ruwa. Kafin mu sauka bakin kogi wani ɗan duwan, wato ma'aikacin kwastan, ya buɗe jakata, ya zaro kwalbar nan, ya ɗaga ta a rana. Ya dube ni, ya dubi hijabina, ya sake duban kwalbar.

"Madame, c'est du whisky, ça?"

Mutane suka juyo. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Hajiya Barka ta ce, "Haba ɗana, dubi fuskar nan da kyau. Buɗe ka sansana mana." Ya buɗe, ya sansana, ya ɗan kurɓa. Ya sake kurɓa da kyau. Sai da ya kusa raba ta biyu ya miƙo mini, fuska a murtuke, ya ce, "Ku wuce. Amma da ƙanƙara da ya fi."

Kwale-kwalen kuwa kada ku tambaye ni. Ni da ban san ruwan da ya wuce tabkin damina ba, ga ni tsakiyar kogi tare da buhunan albasa da babur biyu da akuya. Babu addu'ar da ban karanta ba, har ta shiga kasuwa. Da muka kai gaci na sauka ina hamdala, sai na ga buhun gorubata a ƙasan jirgi, kwance cikin ruwa, babur a kansa.

Daga Malanbil har Kandi ba ka cewa ka bar gida, Hausa ake yi ko'ina. Sai a Paraku na san na yi nisa. Nan na ci sakwarar doya da miyar gyaɗa da wani cuku mai jan baya da suke soyawa, mai laushi, ba irin namu da ake tauna kamar fata ba. Da muka ƙara gaba muka tarar da taro a bakin hanya, kowa da anko, ana busa ƙaho ana rawa. Na leƙa ta taga na ce, "Allah ya ba da zaman lahiya!" Hajiya ta mintsine ni. "Ke, jana'iza ce." Su haka suke raka tsohonsu, da kiɗa da abinci. Mu kuwa ko kuka in ya yi ƙarfi sai an tsawatar.

Laminu ya tarbe ni a tasha, ya ɗora ni bayan ɗan kabu-kabu, waɗanda can suke kira zemijan, dukansu da riga ruwan ɗorawa. Garin nan iskarsa a jiƙe take. Ka shanya zane da safe, da la'asar ka tarar da shi yadda ka bar shi. Da na kwance buhu a ɗakin Laminu a unguwar Zango, gorubar da ke ƙasa ta fara warin danshi. Na ware masu kyau gefe, na hura gawayi na shimfiɗa jiƙaƙƙun a kan raga don su bushe. Sai matar mai gidan ta kira ni gaisuwa. Kun san ni da gaisuwa. Kafin in dawo sun yi baƙi ta gefe ɗaya, hayaƙi ya cika tsakar gida. Na tattara su a leda na cusa a lungu, ina jin haushin kaina.

Washegari muka je otel. Laminu ya kai ni wurin mai haɗa abin sha, wani dattijo mai furfura da ake kira Mushe Komlan, wato Malam Komlan a Faransanci, ɗan siriri, da 'yar shara baƙa a kan farar riga. Bayansa kwalabe ne jere har rufi. Da Faransanci muka yi magana. Ya dube ni sama da ƙasa, na ga alama ba shi ya aiko a kira ni ba.

Amsar tambayarku ke nan: na shiga. Ban sha ba, ban taɓa ba, hannuwana a baya suke. Hanci ne dai ba shi da ƙyaure.

Komlan ya ce kafin in kwaikwayi abu sai na san shi. Haɗin nan tsoho ne, sunansa ma da Ingilishi yana nufin tsohon yayi. Kayansa huɗu ne: wiski, sukari, ɗigon wani abu mai ɗaci, da ɓawon lemun zaƙi. "Huɗu kawai, Madame. Shi ya sa in ka yi kuskure babu inda za ka ɓoye shi."

Ya sauke kwalba uku. Ta farko ya ce da masara ake yin ta, tana da zaƙi-zaƙi da taushi, ita yake ba wanda bai saba ba. Ta biyu da wani hatsi na ƙasashen sanyi mai kama da alkama, ita tana da yaji, tana cizon harshe, tana hana sukari yin rinjaye. Ta uku ta sha'ir ce da aka busar da hayaƙi. Ya buɗe ta, daga inda nake na ji kamar an kashe wutar kara da ruwa. Ya ce wannan ba ya sa ta a haɗin, don kamar mai surutu take a majalisa, in ta shigo ba a jin kowa. Kuma ba ya ɗaukar mafi tsada, don asara ce a zuba mata sukari, ba ya ɗaukar mafi araha, don sukari ba ya rufa mata asiri. Na ce a raina, ashe kowace sana'a haka take. Mu ma ba kowane gero ake fura da shi ba.

Ya nuna mini sauran. Sukari ja ya fi fari. Lemu ɓawonsa ake so, a murɗa shi a bakin kofi man ya fantsama, ba a matsa ruwan. Ƙanƙara kuma guda ɗaya babba, don ƙanana suna saurin narkewa su kashe abin.

Sai na kawo tawa maganar: ina son tebur daban, sababbin kofuna, da cokalin da bai taɓa shiga kwalabensa ba. Ransa ya ɓaci. "Kayana ba su da tsabta ke nan?" Na ce, "Mushe, ba tsabta ba ce, amana ce. Wanda zai sha ba zai ga yadda aka yi ba, maganata kawai zai riƙe." Ya ɗauko 'yar kwalbar ɗacin nan ya ce to wannan fa, ɗigo biyu ne kacal. Na sa tabarau na karanta jikinta daga nesa. Da giya aka jiƙa ta. Na girgiza kai. Ya ɗaga hannuwa sama ya ce, "To da me za ki yi ɗacin?" Na zaro ɓawon maɗaci na aje masa.

Gwajin farko na dafa goruba mai kyau da kanumfari da ɗan abin da na kankaro na mazarƙwaila. Launi ya fito kamar an rantse. Komlan ya kurɓa, ya juya a baki, ya aje.

"C'est bon, Madame. Na gidan suna ne."

Na ga Laminu a ƙofar kicin ya sunkuyar da kai. Gwaji na biyu na ce bari in nuna masa, na zuba ruwan maɗaci da ƙarfin zuciya. Dattijon nan ya kurɓa, idonsa ya fito, ya ruga wurin pampo da gudun da ban zaci yana da shi ba. Na uku citta ta yi yawa. Na huɗu ya koma shayi. Haka muka yi ta yi, walima tana matsowa, masu aikin kicin sun fara yi wa Laminu dariya a fakaice. Rannan da muka koma gida ya ce, "Yaya, in bai yiwu ba ki bari. Kowa ya ɗebo da zafi bakinsa." Na juya na shiga ƙirga sauran gorubata.

Ana jibi walima gorubata mai kyau ta ƙare. Ba yadda zan yi, na ciro ledar ƙonannun nan daga lungu na tafi da su, da niyyar in kankare baƙin in yi amfani da sauran. Ina cikin kankarewa Komlan ya zo wucewa, ya tsaya cak. Ya ɗauki ɗaya ya kai hanci. Ya rufe ido.

"Wa ya ce ki yi haka?"

"Ba kowa. Sakaci ne."

"Aje wuƙar nan, don Allah!"

Ya ce gangar itacen da ake ajiye wiski a ciki shekara da shekaru, sai an ƙona cikinta da wuta tukuna. Daga ƙunar nan launi ke fitowa, da ƙamshin nan na sukarin da ya kama tukunya. Abin da ruwana ya rasa ke nan tun farko, yana jin rashinsa amma bai san a ina za a samo shi ba.

Daga ranar muka daina kallon-kallo. Ni ina dafawa, shi yana ɗanɗanawa. Muka dafa ƙonanniyar goruba a wuta kaɗan-kaɗan har ta yi kauri. Na fasa kimba guda na jefa, ta ƙara hayaƙi. Shi ya kawo shawarar baƙin shayi kaɗan don ya kama harshe. Ni na ce citta ita kaɗai ba ta kai maƙogwaro, sai da masoro, na kuwa yi gaskiya. Maɗaci muka koma ɗiga shi da tsinke. Da la'asar ya yanka ƙanƙara guda kamar dunƙulen hannu ya sa a sabon kofi, na zuba, ya murɗa ɓawon lemu a kai. Ya kurɓa. Ya ɗauki kofin da hannu biyu ya nufi ofishin mai otel, ni da Laminu muna binsa. Matar ta kurɓa, ta dube mu ta saman tabarau, ta ce, "A yi na mutum nawa za ku iya?" Laminu ya rungume ni a gaban uwar ɗakinsa, da hularsa ta kuku da komai. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Walimar ta rana ce. Ina bayan labule wurin teburina ina zubawa, ana ɗauka. Ba a jima ba na ji murya ta tashi da Hausa.

"Ni za a kawo wa wannan? Ni? Ku kira mini mai wurin nan!"

Na leƙa. Wani Alhaji ne babba, da rawani, ya ture kofin har ya kusa faɗuwa. Mai kai abinci tana ta bayani da Faransanci, shi ko sauraro ba ya yi. Ashe kamar da ya yi da wiski ta yi yawa har ta zama laifi. Na ga mai otel ta miƙe, fuskarta ta canza. Ban san lokacin da na gyara hijabi na fito ba. Na ratsa tsakanin tebura, na rusuna.

"Alhaji, barka da rana. Ni na haɗa shi da hannuna. Goruba ce."

Ya dube ni kamar na faɗo daga sama. "Goruba?"

"Ta Gulbin Kaba. Da kimba da maɗaci da mazarƙwaila. Tukunyar sabuwa ce, kofin ma sabo ne. In akwai wani abu a ciki, Allah ya tambaye ni."

Ya jawo kofin a hankali, ya sansana, ya yi bismilla, ya kurɓa. Kowa shi yake kallo. Ya daɗe bai haɗiye ba.

"Ɗiyar ina ce ke?"

"Tasawa, Alhaji."

"Ni ɗan Damagaram ne. Rabona da ɗanɗanon goruba tun ina jifar ta da dutse." Ya ɗaga kofin sama ya juya ga abokan zamansa, ya ce da Faransancinsa na kasuwa, "Yau namu ya fi naku!"

Wurin ya ɗauki dariya da tafi. Sai ga masu wiski suna ture nasu suna cewa su ma a ba su na Alhaji su ji. Kafin a kawo nama tukunyata ta ga ƙasa. Mai otel ta riƙo hannuna ta ɗaga a gaban jama'a kamar na yi kaye a filin kokowa, ni kuwa ina ta jan mayafi ina rufe fuska, amma Allah ya sani zuciyata rawa take. A nan ta ce daga yau yana cikin abin da otel ke sayarwa, kuma daga hannuna take son goruba.

Ranar da zan taso na je sallama da Komlan da hantsi, ba kowa a wurin sai shi. Ya ce in haɗa masa guda. Na ce ai ya fi ni iyawa yanzu. Ya ce a'a, na hannuna yake so. Sai ya zagayo ya zauna a kujerar baƙi. Ya ce likita ya hana shi giya tun bara saboda hanta, ɗanɗanawa kawai yake yi ya tofar. Kullum yana haɗa wa mutane, shi kuwa ruwa yake sha a tsaye.

Na zuba masa, na murɗa ɓawon lemu yadda ya koya mini. Ya zauna ya sha shi duka, a hankali, har ƙanƙarar ta narke. Da ya gama ya ce, "Merci, ma sœur," wato na gode, 'yar'uwata. Ya raka ni har bakin titi, ya tsayar mini da zemijan da kansa, ya ja wa yaron kunne kada ya yi gudu.

Dawowa ba ta da labari, sai barci. Na sauka Tasawa na tarar da Malam a tasha yana jirana cikin rana, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Yanzu haka mata uku ke taya ni gasa goruba a bayan gida, hayaƙin da kuke gani da safe ke nan, ba gobara ba ce. Buhun farko ya riga ya kama hanya.

Masu cewa sai sun ɗanɗana za su yarda, ƙofa a buɗe take bayan la'asar. Kofuna ina da su, goruba ina da ita. Ƙanƙara ce dai kowa ta zo da tata, don kun san halin wutar Tasawa.